Magnus Fiddes, Mai Makullin Rumbunmu

Kafin a kaɗa ƙararrawar asuba Magnus Fiddes ya riga ya sauka rumbu, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Sai ya auna garin hatsin kunu, ya sunsuna gangar kifi, ya yi wa mai tuwo faɗa. Shi ne ikonomas ɗinmu, mai riƙe da aljihu da tumbin kwalejin nan ta arewacin Skotlan. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma jibi zai ajiye makullan.

Ni malamin Latin ne a nan, kuma ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi. Tsofaffin ɗalibaina sukan dawo sun zama alƙalai da limaman coci, su wuce ƙofata su nufi madafa. Wani ma da na koyar shekara huɗu ya tare ni ya ce, "Malam, ina Baba Magnus yake zama yanzu?" Ko lafiyata bai tambaya ba.

Na san dalili. A shekarun yunwa, da amfanin gona ya ruɓe sau uku a jere, shugaban kwaleji ya ce a sallami ɗalibai tara da ake ciyarwa kyauta. Ni ma na ɗaga hannu na yarda. Magnus, da ba shi da kujera a zauren taron malamai, ya ce daga bakin ƙofa, "Ranka ya daɗe, su koma su ci me? A bar min su zuwa bazara."

Ya sayar da dokinsa. Da ƙafa ya riƙa zuwa ƙauyukan masunta, ya dawo da kifi mai gishiri a gadon baya. Babu wanda aka sallama, babu wanda aka binne.

Jiya na ce masa, "Kai da ko Latin ba ka iya ba, ka ƙwace min ɗalibai."

Ya ce, "Malam, zauna ka sha kunu, ka rame."

Kai ne ka tsaya ranar da ni na kasa, Magnus. Na gode, ko da yake furta ta na yi min ɗaci. Wanda zai karɓi makullan nan ya yi koyi da kai. Ku kuma malamai 'yan'uwana, in irin wannan rana ta sake zuwa, kada ku ɗaga hannu yadda na ɗaga.