Tsaka a Hannun Kaka

Akwai wani farin tabo a bayan hannuna na dama, faɗinsa bai wuce tafin jariri ba. Ɗalibaina a unguwar Madina sukan saci kallonsa in ina rubutu a allo, masu ƙarfin halin cikinsu su tambaya ko ƙuna ce. Ba ƙuna ba ce. Ya fito ne ina 'yar shekara tara a gidanmu na unguwar Nima, can kudu nesa da ƙasar Hausa, kuma saura kaɗan ya raba ni da mutane.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye fili ɗaya, kowane ɗaki da yarensa. Akwai Zabarmawa, akwai Dagomba, akwai Kotokoli, ga mu, duk Hausa ce ke haɗa mu in an zo rigimar layin famfo. Mu yaran gidan a kwano ɗaya muke cin abincin dare. Uwar da ta riga sauke tukunya ita ke zuba mana, mu yi da'ira muna ture-ture, wanda ya yi sanyin hannu ya kwana da yunwa.

Kakata ta wajen uwa, mahaifiyar Mmana, daga ƙasar Hausa ta zo tun tana amarya, ta biyo mijinta fataucin goro. Wake da shinkafa take sayarwa da safe a bakin titi, don haka kullum bayan magariba sai ta hura murhu a tsakiyar gida ta ɗora tukunyar da za ta iya ɓoye yaro. Dokarta ɗaya ce: ba tsintar wake, ba tatsuniya. Mukan zauna da faifai a cinya muna fitar da tsakuwa, ƙamshin karan dafi yana tashi daga tukunya, ita kuwa tana juya muciya tana juya mu da labari. Ba ta da tsawo, ba ta da ƙiba, amma in ta yi gyaran murya har manya sukan rage rediyo.

Mma Sala ce ta fara ganin tabon. Maƙwabciyarmu ce, uwar ƙawata Ayishetu, mace mai kyauta da saurin baki. Tana zuba mana tuwo ta cafke hannuna ta kai kusa da fitila.

"Wannan fitsarin tsaka ne paa, ba shakka," ta ce da Hausarta ta Zongo. "Na gani shi a garinmu. Yarinya nan zai kuturce. Ayishetu, tashi! Kar ka sake ci da shi."

Kafin gari ya waye magana ta zaga gidan. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni. Kawai aka samo mini wani ɗan kwanon silba, aka riƙa zuba mini nawa ni kaɗai a ƙofar ɗakinmu. Mmana ta kai ni asibiti, aka ce ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka, amma maganar likita ba ta da ƙafar shiga gidanmu. Kowa a unguwar ya san tsaka muguwa ce, tana tofi a abinci, in ta bi ta jikinka ka shiga uku. Yara maza suna bin ta da silifa a bango. Ni ma na yarda. Nakan kwanta ina taɓa yatsuna ɗaya bayan ɗaya don in tabbata suna nan.

A dare na biyar na ƙi cin abinci. Na ture kwanon gefe, na zauna nesa da murhu, don ko tsintar wake na daina, ina tsoron a ce na taɓa abin sayarwa. Kaka ta dube ni ta dubi kwanon. Ta bari sai da matan gidan suka fito shan iska, Mma Sala ma ta shimfiɗa tabarmarta, sannan ta buga muciya a bakin tukunya.

"Ga wata nan ta taho da ƙafa huɗu."

"Ta hau bango mu gan ta!" yara suka amsa, don haka Kaka ta koya mana, kowace tatsuniya da irin sallamarta.

Wai a can arewa, in ji ta, uwar tsaka tana da 'ya'ya uku a ƙarƙashin dutse ɗaya. Da fari ya yi tsanani sai ta tara su ta ce dutsen nan ba zai ƙara ciyar da baki huɗu ba, kowace ta faɗi inda za ta, ta ba ta guzuri. Babbar ta ce ita ba ta barin ƙasar ubanta. Sai uwar ta mayar mata da wutsiya rumbu, da damina ta tara kitse a ciki, da rani ta ci daga jikinta. Ita ce mai ƙatuwar wutsiya da ratsi-ratsi, wadda ke kwana a ramin suri, tana tafiya a ƙasa a hankali, ba ta hawa komai, kuma tana ƙifta ido kamar ni da ku.

Ta tsakiya ta ce birni za ta, wajen mutane da fitilu. Uwar ta ce birni ba wurin kwanciya a ƙasa ba ne, za a take ki. Ta ba ta yatsu masu kama bango, har ta iya tafiya a rufin ɗaki kanta a ƙasa. Amma ta karɓe mata fatar ido, ta ce wanda ke zaune da mutane ba ya rufe ido. Shi ya sa har yau in ƙura ta shiga idonta sai dai ta sa harshe ta lashe.

Autar kuwa matsoraciya ce, duhu take tsoro. Aka bar mata rana da jikin bishiya, aka ƙanƙanta ta har ba ta fi tsinken ashana ba sosai, aka ba ta ƙwayar ido zagayayya, ba tsagaggiya irin ta 'yan'uwanta masu yawon dare ba.

Ana nan sai ɗan sarki ya kwanta ciwo, wani bafade ya rantse tsaka ce ta yi masa tofi. Sarki ya sa aka yi shela, duk wata tsaka ta zo fada. Su uku suka zo suka jeru. Sarki ya ce wa bafaden ya nuna mai laifi. Nan Kaka ta kumbura murya irin ta sarki, tana nuna mu da muciya.

"Wadda ka gani, tana ƙifta ido ko ba ta yi? Ya ce, ranka ya daɗe, ban lura ba. Yatsunta fa, masu faɗi ne ko sirara? Ban lura ba. Da rana ne ko da dare? Ya sosa ƙeya. Sarki ya ce, to kai da ba ka taɓa tsayawa ka dube ta ba, ta yaya ka ga dafinta?"

Muka kwashe da dariya, har da ni daga inda nake. Na zaci an gama. Sai Kaka ta miƙa wa Mmana muciya, ta ɗauki fitilar ƙwai ta shiga ɗakinmu, ta ajiye ta a bayan gilashin taga, ta fito ta ce mu matso, kar wanda ya yi motsi.

Ba a daɗe ba ƙwari suka taru, sai ga tsaka ta gangaro ta manne a gilashin, haske yana bayanta. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jikinta shara-shara ne, haske yana ratsa shi. Ana ganin wani ɗan baƙin abu yana bugawa a ƙirjinta, kuma a cikinta ga fararen ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yatsunta sun baje a gilashin, kowanne da layi-layi a ƙarƙashi, in za ta ɗaga ƙafa sai yatsun su lanƙwashe sama tukuna, su saki, su sake kamawa. Gilashin da ko ƙuda ke zamewa in an goge shi, ita tana tafiya a kai kamar a tabarma. Can sai ta zaro harshe ta share idonta ɗaya. Wani yaro ya ce, "Wallahi ya lashe!" Ta yi ɗan kukanta, cak-cak-cak, muka ja da baya gaba ɗaya.

"Ikon Allah," in ji wata tsohuwa a bayanmu. Ni dai tsikar jikina ta tashi. Shekara tara ina kwana ɗaki ɗaya da wannan halitta, ban san tana da zuciya ba.

Sai Kaka ta kife tafin hannunta a kanta, a hankali don kar ta tsorata ta yar da wutsiya ta gudu, ta ɗauko ta ta ɗora a damtsenta na dama. Mata suka yi salati. Mma Sala ta miƙe tsaye tana cewa, "Kaka, ka haukace? Yar da shi!" Tsakar ta tsaya jim, ta gangara ta bi bayan hannun Kaka, daidai inda nawa tabon yake, ta yi tsalle ta kama bango ta shige bayan kwanon rufi. Na ga hannun Kaka yana rawa, na ɗauka tsufa ne.

Ba ta wanke ba. Ta tako har inda nake, ta zauna a ƙasa, ta jawo ɗan kwanon silbar, ta gutsiri tuwon da ya huce da wannan hannun, ta kai baki.

"Ramatu, sa hannu," ta ce. "Tuwon Sala ba ya son jira, in ya kwana sai da gatari."

Na sa hannu ina kuka, muka cinye tas. Sannan ta juya ta dubi matan.

"Ga hannuna nan. Kullum da safe yana bakin titi yana zuba wake. Duk mai son dubawa ya zo ya duba, ba sai ya saya ba."

Aka kuwa duba. Kowace safiya yaran gidan sukan tsaya a hanyar makaranta su juya hannun Kaka gaba da baya, ita tana tsokanarsu wai su biya kuɗin kallo. Mako ya zagayo, wani ya bi shi, hannu yana nan baƙi wuluk, sai tsoffin tabon ƙuna na murhu. Duk kwanakin nan da ni take cin abincin dare. Wata ranar Juma'a Ayishetu ta zo ta tsuguna kusa da mu ta sa hannu ba tare da ta dubi kowa ba. Uwarta tana kallo daga ƙofa. Ba ta ba da haƙuri ba, Mma Sala ba ta iya wannan ba, sai dai washegari da ta sauke tukunya ta ƙwala kira, "Ramatu, kana jiran a aiko maka mota ne?" Ɗan kwanon silbar ya koma na zuba gishiri.

Da na girma na shiga makarantar horon malamai, sai na tarar da 'ya'yan uwar tsaka a cikin littafi. Ashe ba uku ba ne, sun fi dubu, a hamada da kurmi da tsibiran teku, wata ta kai tsawon damtse, wata za ta zauna a kan farce. Kuma masana da suka raba su dangi-dangi, daga cikin abubuwan da suke dubawa har da tambayoyin sarkin nan: tana da fatar ido ko babu, yaya yatsunta suke, yaya ƙwayar idonta, ta rana ce ko ta dare. Na karanta cewa layin nan na ƙarƙashin yatsu gashi ne ƙanana da ido ba ya gani, su ke kama gilashi ba tare da wani danƙo ba. Na karanta cewa ta bangonmu ba ta da dafi, sauro da ƙwari take ci. Na rufe littafin ina mamakin matar da ba ta san bihim ba a boko, yadda ta san duk wannan. Na yanke cewa son dabbobi ne Allah ya sa mata.

Sai bayan rasuwarta na faɗa wa Mmana haka, muna kwashe kayan ɗakinta. Mmana ta ajiye zanen da take ninkewa ta dube ni.

"So? Kakarki? Ai ba abin da take tsoro a duniya kamar tsaka. Tun a ƙauyensu. Ba ta kwanciya sai ta haska bango ta san inda kowace take, shi ya sa ta san su haka. Daren nan da kika yi barci, da toka da sabulu ta yi ta dirzar hannun har ya yi jini. Ta yi wata guda tana tashi da asuba ta duba shi a fitila kafin kowa ya gani."

Na ce, "To ashe ba ta tabbata ba?"

"Ina fa ta tabbata. Na ce mata, Inna, in maganar Sala gaskiya ce fa? Ta ce to sai a ƙaro tuwo a ɗan kwanon, mu zama mu biyu."

Na daɗe ina koya wa yara darasin tatsuniyar nan, cewa a duba abu kafin a yanke masa hukunci, kuma darasi ne mai kyau. Amma yanzu in na ga tsaka a gilashin tagata, haske yana ratsa cikinta, ba sarkin nake tunawa ba. Hannun nan nake tunawa, yana rawa, yana gangarowa cikin kwanona.