Ɗorin da Malam Ya Kwance

Maigidana maɗori ne a Ruwan Godiya. Sunansa ba zai fito bakina ba, amma daga Yankara har Sabuwa kowa ya san Baba Maɗori. Kwana ashirin da ɗaya yake kwance ɗori, ba ƙari, kuma da wannan yake taƙama har abin ya ishe ni. Idan mace aka kawo, ni ke riƙe ta yana ja, a ɗakina kuma take jinya sai ranar kwancewa.

Dokarsa guda ce: ba ya tambayar yadda aka yi aka karye. Wai ƙashi aka kawo mashi, ba shari'a ba. Alhali yana shafawa ya sani. Karayar faɗuwa daban take da ta wadda ta ɗaga hannu don kare kanta.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wani Tanimu mai aikin hanya ya sayi babur. Kafin damina ya kawo matarsa Rakiya da karyayyen hannu, wai daga babur ta faɗo. Da kaka ya sake kawo ta, ɗaya hannun. Na ce a raina, wannan babur ba ya kayar da kowa sai ita. Ina yi mata wanka na ga tabon duka a gadon bayanta, ban ƙara neman bayani ba.

Ana gobe kwancewa ta riƙe mani zane. "Inna, ki roƙar mani Baba ya ce ƙashin bai haɗe ba. Na aika wa yayana a Ƙanƙara, kwana goma kawai zai zo ya ɗauke ni. In na koma gidan nan kashe ni zai yi."

Na sami Malam a zaure yana fere karan ɗori, na faɗa mashi. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"In ce ɗorina bai kama ba, Hajaratu? Ban taɓa yi wa ƙashi ƙarya ba."

"Kai da ƙashin naka! Ran mutum ake magana."

"Tsakanin miji da mata ba hurumina ba ne."

Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. To, amma kada in wanke kaina. Ɗakin nawa ne, da na tsaya a ƙofa ba mai ɗaga ni. Sai ga ni da safe ina ƙulla mata daddawa, ina cewa ta yi haƙuri. Malam ya kwance ɗori, hannu ya haɗe sumul, Tanimu ya goya ta a babur suka tafi.

Bayan kwana shida muka ji labarinta. Wannan karon a kai ne, kai kuwa ba ya ɗoruwa. Yayanta ya iso ranar da ta ce, ya tarar ana karɓar gaisuwa.

Malam bai taɓa tayar mani da zancen ba. Amma daga nan, duk macen da aka kawo da irin wannan karaya, sai ya shafa ya ce da saura. Kwana arba'in, sittin, har sai danginta sun zo sun gani da idonsu. Mazan suka yi ta yaɗawa a kasuwar Yankara cewa hannun tsoho ya mutu. Masu jinya suka koma wurin wani a Faskari, zaurenmu ya zama wurin kwanan awaki. Ina jin haushin gorin, shi kuwa ko a jikinsa.

A ciwon ajalinsa ina shafa mashi man shanu a ƙafa, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ɗorin yarinyar nan," ya ce, "shi ne mafi kyau da na taɓa yi."

Sai ya juya fuska bango. Na ci gaba da shafa man, ina tuna ni na raka ta har bakin babur.