Bayanan Malam Bayani

Shekara talatin ya yi a hawa na biyu, kusa da tagar da ba ta rufuwa, yana rubuta manhajar da ke tsara wa motocin haya lokutan tashi. Abokan aiki suka sa masa suna Malam Bayani, kuma sunan ya dace da shi. Ƙa'idar ofishin ita ce duk wanda ya gyara wani abu a manhajar, sai ya ajiye gyaran a rumbun tarihi tare da ɗan bayani. Wasu su rubuta "gyara" su kama gabansu. Shi kuwa sai ya gyara zama, ya zuba labari: abin da ya canza, dalilin canzawar, ruwan da ya ba shi kashi a hanya, har da abin da ya baro a gida. Da haruffan da ya saba tun ƙuruciya yake rubutawa, masu tafiya daga dama zuwa hagu. A gida kuma, sai ka yi da gaske kafin ka ji kalma biyar daga bakinsa.

Autarsa ta gaji sana'ar, ta samu tebur a ɗaki ɗaya da shi. Ranar da aka kai shi makwanci, Dogo, tsohon abokin aikinsa, ya ce mata, "'Yata, in kina son jin muryar babanki, tana cikin rumbun nan." Ta kasa buɗewa. Kullum sai ta ce sai zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Wata huɗu bayan haka manaja ya ce a kwashe tarihin duka zuwa sabon rumbu, don tsohuwar na'urar da ke ƙarƙashin teburin marigayin ta fara tari. Auta aka ba aikin. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma kowane zamani da jadawalin da yake fassara lambobin da shi. Manhajar kwashewar ta tambaye ta da wane jadawali aka rubuta bayanan. Ta bar wanda ta tarar, na zamani, wanda kowa ke amfani da shi. Ta gwada aikin, komai lafiya lau, motoci na tashi kan lokaci. Bayanan ne kawai ba ta duba ba, don ba ta son ta yi kuka a gaban mutane.

Ta sa hannu a takarda. Manaja, wanda ba ya barin aikin yau ya kwana, ya sa aka goge tsohuwar na'urar tas. Da aka zo ɗaga ta, sai ga takarda manne a gefen da ke kallon bango, da rubutun hannun babanta: sunan tsohon jadawalin, da gargaɗin a zaɓe shi kafin a kwashe komai.

Auta ta buɗe sabon rumbun. Kwanan wata na nan, sunansa na nan, amma kowane harafi nasa ya koma alamar tambaya, layi bayan layi, na shekara talatin. Dogo ya gwada duk dabarar da ya sani, daga baya ya cire gilashinsa ya ce, "Sai haƙuri, 'yata. Ba ɓoyewa suka yi ba, sun tafi."

A cikin bayanan, lambobi ne kaɗai suka tsira. Ta gangara har ranar da aka haife ta. Bayanin ranar ya fi na kowace rana tsawo, layi goma sha ɗaya na alamar tambaya, a tsakiyarsu 3.2.

Ta kira gida. "Mama, nauyina nawa ranar da aka haife ni?"

"Kilo uku da ɗigo biyu. Babanki ya sa aka auna ki har sau biyu, wai bai yarda da sikelin ba. Me ya faru?"

Auta ta mai da ido kan 3.2 ɗin nan da ke tsakiyar alamomin tambaya.