Turmin da Inna Hajjo Ta Kife

Wata Talata ce da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji uku. Ƙauyenmu da ke gefen Fakku ya yi tsit, maza da samari duk suna gona wajen maimai. Ni ƙaya ce ta hana ni fita, ina zaune ina tsince wake kusa da kakata Inna Hajjo, sai muka ji babur ya mutu a bayan gida, daidai wurin rumbunmu. Geron da ke cikin rumbun nan shi kaɗai ya rage mana kafin kaka, mu kuwa mun fi yatsun hannu yawa a gidan.

Daminar nan ɓarayi sun gane cewa da rana gari ba kowa sai tsofaffi da yara, sun riga sun kwashe rumbuna a maƙwabta. Mai gari ya kai kuka Kebbe, aka ce masa 'yan sanda kaɗan ne, hanya kuma ruwa ya cinye ta, sai dai mu riƙe gari kafin su iso. Inna Hajjo ce ta kawo dabara. Ta ce duk matar da ta ga abin da bai kwanta mata ba ta kife turmi ta bugi gindinsa, domin ƙararsa daban take da ta daka. Maza suka yi ta dariya, har kawuna Sani yana tsokanarta wai ta zama sajan.

To ranar nan da muka ji baburin, na leƙa ta zana, na ga mutum ɗaya ya ɗage jinka ya shige rumbu, ɗayan yana ƙasa riƙe da buhu. Na juyo na raɗa wa Inna. Tsohuwar nan da kullum take kukan baya, wallahi da hannu ɗaya ta tuntsurar da turmi. "Kama taɓarya, ɗiyata, yau ba ranar kuka ta ba," in ji ta. Muka shiga bugu. Gidan Malam Audu ya amsa, na gaba ya ɗauka, kafin ka ce me gari duk ya ɗauki ƙara. Na ƙasan ya yar da buhu ya hau babur, Fulanin ruga da suka ji bugun suka tare shi a taɓon fadama. Inna ta zagaya da kanta ta janye tsanin rumbu, na ciki ya rasa ta inda zai sauko.

Maza suka iso da gudu, hauya a kafaɗa, ido ja. Ta tsaya a gindin rumbu ta ce, "Wanda duk ya taɓa shi, da ni za ya yi. Hukuma za a ba." Haka aka zauna ana gadinsa har la'asar, 'yan sanda biyu suka iso bisa babur, laka har gwiwa. Kawu Sani bai ƙara cewa sajan da dariya ba. Geron nan ya kai mu kaka, ba mu roƙi kowa ko tiya ɗaya ba, kuma har gobe ina alfahari cewa hannuna na cikin bugun.

Yanzu ina aure a Tambuwal. Ƙauyenmu akwai 'yan sintiri, akwai waya a kowane aljihu, ana kuma gode musu. Sai dai ita waya, mutum ɗaya take kira, wani lokaci ma ba ta shiga. A zamanin Inna, gida ɗaya ke kuka, gari duka ya taso.