Muryar Iya a Cikin Tulu

Sati uku Umma ta yi tana tambayata muryar Iya, ni kuwa ina ta kwana-kwana. Yau in ce an ɗauke wuta a unguwar Atrone, gobe in ce aiki ya yi min yawa a situdiyo. Iya kakata ce, ita ta haifi Umma, bara ta rasu. Duk dangi ni kaɗai na taɓa naɗar muryarta, kuma Umma ta san haka. Abin da ba ta sani ba shi ne ɓarnar da na yi wa muryar da hannuna. Shi ya sa na kasa zama wuri ɗaya: in zauna gaban na'ura, in miƙe, in haɗa shayi in manta da shi har ya huce.

A gidanmu na unguwar Amriguébé a Njamena, da an idar da sallar isha'i Iya take jawo murhun gawayinta tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Mahaifinta ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Njamena, ya ce bari ya huta shekara ɗaya. "Ga mu nan har yau muna hutawa," in ji Iya. Ni ne marar haƙurin gidan. Kafin ta ce ga ta nan ga ta nanku, na sauya wurin zama sau uku.

"Maigidana, ƙaya ce a tabarmar?" take cewa. "Zauna, ya wiledi, yarona, tatsuniya ba ta bin mai gudu."

A gefenta akwai wani tsohon tulu da ya tsage, ya daina riƙe ruwa. In labari ya kai inda dodo zai yi magana, sai ta kafa baki a bakin tulun. Muryar ta fito da kauri tana jan jela, tsigar jikinmu ta tashi, ƙanana su ɓuya a zanenta. Kalma uku ko huɗu, ta ture shi gefe, ta dawo da muryarta ƙasa-ƙasa har sai mun miƙa wuya. Ni wannan rowar ce ke ba ni haushi. Na sha roƙonta ta yi tatsuniya guda sukutum a cikin tulun.

"Tulu na dodo ne," ta ce. "Mutum a kusa da kunne yake magana. Halas, shi ke nan."

Wadda ta fi maimaita min ita ce ta Gambo makiyayi, mai siririyar murya da 'yan gari ke yi wa dariya. Wata rana ya leƙa busasshiyar rijiya ya yi tari, tarin ya dawo masa kamar tsawa. Dodon rijiyar ya ce masa, a nan Iya ke jawo tulu, "Ba ni ƙaramar muryarka, in ba ka babba." Tun daga ranar Gambo ba ya magana sai a bakin rijiya, jama'a na taruwa suna mamaki. Sai uwarsa ta tafi itace, rana ta faɗi, hanya ta ɓace mata. Gambo ya ruga rijiya ya kwaɗa kira. Muryar ta cika dajin, ta fito ta gabas, ta fito ta yamma. Tsohuwa ta ji sunanta daga ko'ina, ba ta gane mai kiran ba, ba ta san inda za ta dosa ba, sai ta ƙara nutsawa daji. Ranar da Iya ke cikin nishaɗi, ƙanwar Gambo kan fita ta kira "Inna" da muryarta ta kullum, uwar ta dawo. Ranar da muka ɓata mata rai kuwa, a dajin take barin tsohuwar, ta ce kowa ya je ya kwanta.

Na girma na zama mai haɗa sautin waƙa, kuma rabin sana'ata rigima ce a kan eko, amsa-kuwwar nan da muke ƙara wa murya. Mawaƙi zai shigo daga unguwar Boutalbagar ya ce, "Patron, ƙara min, in ji ni kamar a babban masallaci." Ni in ce masa a'a. Kaɗan ake sawa, a gajarta jelar, wato amon da ke biyo baya, ta mutu kafin kalma ta gaba ta shigo, a rage mata kauri don kar ta turmushe ganga. In ya yi yawa mawaƙi ya koma can ƙarshen ɗaki, mai sauraro ya rasa inda yake. Kuma ƙa'idar farko, wadda nake yi wa kowa wa'azi a kanta: a ajiye busasshen naɗi, wanda ba a taɓa ba.

Na iya wa'azin ne don na riga na ƙone. Lokacin da nake sabon hannu, kaina na rawa, na naɗi Iya tana tatsuniyar Gambo. Da na saurara sai na ji muryar ta yi min ƙanƙanta: ga tari, ga ƙarar gawayi, ga kaza tana kutse. Na ce Iya ta fi ƙarfin wannan. Na zuba mata eko tun daga farko har ƙarshe, jela doguwa, na ji daɗin kaina ƙwarai. Abin da ta hana ni ina yaro, na yi shi da na'ura. Sannan na goge na asalin don in sami wurin naɗar waƙar wani biki. Ai Iya tana nan, na ce, ko yaushe zan sake. Da na sani ƙeya ce.

Babu dabarar da ban gwada ba a sati ukun nan. Sa eko aikin minti ɗaya ne, cire shi kuwa kamar tsince gishiri daga miya. Duk abin da ya ci jelar sai ya ci muryar tare da ita. Da ina ɗauka tatsuniyar Gambo gargaɗi ce ga masu girman kai. Yanzu na ga Gambo ƙaunar uwarsa ce ta kai shi rijiya, so yake ta ji shi da kyau. Wannan ya fi min ciwo.

Jiya da hantsi Umma ta gaji da ni, ta hau babur ta zo situdiyo da kanta. Ta zauna a kujerata, ta gyara mayafi.

"Kunna min, Sani. Ba zan tashi ba sai na ji uwata."

Na sa mata abin ji a kunne, na kunna, na juya baya ina gyara wayoyin da ba su lalace ba. Ta yi ta sauraro. Da na waiwayo hawaye ya jiƙa mata haɓa, ta karkata kai tana matse abin a kunnenta da hannu biyu.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Amma ta yi nisa, ɗana. Matso min da ita kusa."

Na kai hannu kan na'urar, na dafa maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Umma tana kallon yatsuna, tana jira.