Ranar Da Kwikwiyo Ya Ƙi Cin Wake

Ni ba mai riƙe abu ba ne, don rayuwa ba ta ba ni abin riƙewa da yawa ba. Amma abin da wani kwikwiyo ya yi a gidana a Azare, ko a kabari ban ga alamar zan manta shi ba.

Wani Bafulatani abokina na wajen Katagum ne ya ba ni shi, wai ya girma ya tsare mini awaki. Ko wata bai cika ba ya gane lagonmu. Ya lura duk kwanon da ya sa wa baki, mun haƙura da abin da ke ciki ke nan, sai wanki bakwai. To shi ke nan. Ba ya sata ya gudu kamar sauran karnuka. Lallaɓowa zai yi ya lasa sau ɗaya, ya koma gefe ya zauna yana kaɗa wutsiya, yana jiran a miƙo masa kayansa. Uwar yarana takan ce, "Malam, wannan ba kare ba ne, lauya ka kawo mana."

Wata rana ƙanena, wanda ni na yi masa aure da gumina, ya aiko mana da wake. Shekara da shekaru bai taɓa ba, har na yi mamaki. Aka dafa da shinkafa, aka zuba wa yara a faranti, suna wanke hannu. Sai ga mutumin naku, kwikwiyo. Ya shinshina, ya dangwala baki a tsakiyar farantin, ya koma gefe. Yara suka fashe da kuka. Na watsa abincin a tsakar gida na ce, "Ga shi nan, ci, ɗan banza."

Bai ci ba. Wannan mayen da ba ya barin ko ƙanzo, ya zauna yana kallona, wutsiya ko motsi. Kaji ne suka rufar wa abincin. Kafin la'asar suna kwance, ƙafafu a sama.

Na kira ƙanen nawa a waya, na faɗa masa. Ya ce, "Af, Yaya, maganin ƙwari na zuba a buhun kwanan nan. Na manta ban faɗa ba."

Ya manta. Na kashe waya. Na dubi yarana suna wasa, na dubi kajin.

Har yau ban san ko kwikwiyon ya sani ba, ko kuwa hancinsa ne kawai ya ƙi. Malamai na iya yin bayani, ni karatuna bai kai can ba. Abin da na koya dai shi ne, in Allah zai tsare ka, ba ya tambayarka da wa zai aiko. Ni jinina ya kawo, wanda nake kora da takalmi ya tare.