Igiyar Gugana da Itacen Jego

Tun ina ƙarama aka san ni da zargi. Innata takan ce ko nono aka miƙo mini sai na shinshina kafin in kai baki. Ban taɓa jin haushin wannan shaida ba, don ban ga wanda ya mutu saboda ya zazzage takalminsa kafin ya sa ƙafa ba, kuma kunamar Sakkwato ba ta sallama.

Abin ya faru ne shekarar da na samu cikin fari. Na daɗe a gidan miji shiru, har masu tambaya suka gaji suka koma kallo. Da Allah ya kawo, sai na riƙe abina kamar ƙwai a tafin hannu. Ko tsani na daina takawa. Amma ban taɓa ambatonsa da bakina ba, ko a gaban maigidana, don a gidanmu mace ba ta maganar cikin fari. Kunya ce. Iyakar abin da za ta ce shi ne ba ta jin daɗin jikinta, kowa kuwa ya gane.

Muna zaune a Unguwar Rogo, a gida mai rijiya a tsakar gida, tunda famfon ya daɗe da zama ado. Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa, kuma yana da wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu da ta ga jiya ta ga yau. Yana son motar nan, wallahi har abin ya kan ba ni haushi. Kullum da safe sai ya goge ta, sannan ya danƙara mata dilolin kaya har gindinta ya kusa shan ƙasa. In na yi magana sai ya ce ai ƙarfe ne, ƙarfe ba ya gajiya.

Wata safiya na fito ɗiban ruwa na tarar da guga a bakin rijiya babu igiya. Igiyar roba ce shuɗiya, doguwa, ni da kaina na ɗaura ta. Na duba madafi, na duba bayan randa, babu. Da yamma kuma sai ga ta a jikin gugan kamar ba ta je ko'ina ba, sai dai ƙullin ba nawa ba ne. Na ɗauka na shinshina. Warin baƙin mai take yi.

Na tambayi maigidan, ya yi dariya ya ce sarauniyar zargi ta fara, wa zai saci igiyar guga ya dawo da ita? Na ce ai abin da ya dame ni ke nan, ɓarawo ba ya mayarwa.

Daga nan abin ya zama jiki. Ta ɓace da safe, ta dawo da yamma, kullum tana ƙara sirancewa, gashinta na tashi, har wata rana na ga an ƙulle ta a tsaka alamar ta taɓa tsinkewa. Na zargi mai tallan itace. Na zargi masu awakin bayan gida. Har maƙwabciyata ban bari ba, Allah ya yafe mini. Maƙwabtanmu Kiristoci ne daga wajen Filato, mijin malamin makaranta ne, kowa Tica yake ce masa, kuma mun zauna da su lafiya, tuwonmu na shiga gidansu nasu na shigowa namu. Duk sanda na leƙa aron igiya, matar Tica sai ta miƙo mini tata da sauri, ba ta taɓa tambayar ina tawa ba. Mace a ce ba ta tambaya? Na ce lalle ruwa ba ya tsami banza.

Sai na fara kasa kunne. Da can, tashin motarmu da safe duk layin ke ji, tari take yi kamar tsoho mai asma. Yanzu wasu ranakun ba na jin ta sam. Sai in ji ƙus-ƙus ɗin maza biyu a ƙofar gida, sannan motar Tica ta tashi, ta yi wani irin nishi, su tafi. Ranakun nan kuwa su ne ranakun da igiyata ke ɓata. Biri ya yi kama da mutum. Amma da na sake tuntuɓar maigidan, sai ya ɗaure fuska ya ce motarsa lafiya lau take, in daina sa mata baki.

Ana haka lokacin goyon ciki ya zo, wato in koma gidan iyayena a Ƙofar Taramniya in haihu a gaban Inna. Miji ne ke haɗa kayan jego: gero na kunun kanwa, kayan yaji, rabin duro na dafa ruwan wanka, da itace mai yawa, don wankan jego wuta yake ci. Maigidana bai yi rowa ba, wannan kam na shaida. Ya sayo itace manya-manya masu nauyi, irin waɗanda ke kwana suna ci. Matan danginsa da za su raka ni suka yi gaba a Keke Napep da akwatina, ni kuwa ya ce a motarsa zan tafi, da kayan gaba ɗaya, a sawu guda. So yake mutanen layin gidan iyayena su ga ɗiyarsu ta dawo a motar mijinta, da kaya niƙi-niƙi.

Na tsaya ina kallon lodin. Buhunan gero a but ɗin motar, har murfin ya ƙi rufuwa aka ɗaure shi da tsumma. Rabin duro a kan rufi. Itacen kuma aka jera shi a kujerar baya har sama, kawunan gungumen suna kallon ƙeyar wanda zai zauna a gaba. Tayoyin baya suka baje kamar waina. Na ce a kira mai amalanke ya ɗauki itacen mana. Ya ce shi surukansa ba za su ga itacensa a amalanke ba yana da mota. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko filo ya gyara mini a kujerar gaba don kada bayana ya yi ciwo. Wannan filon ne ya kashe mini baki, na shiga na zauna.

Motar ta tashi a ƙofar gida ranar, har ya waiwayo ya kalle ni irin kallon kin gani ko. Amma sai ga Tica ya fito da tasa motar, wai shi ma can wajen ya nufa, zai yi mana gaba. Asabar ce, babu makaranta. Na dubi bambar bayan motarsa na ga ta lanƙwashe ta tsakiya.

Ba mu yi nisa sosai ba, daidai kan wata gangara da ke sauka wajen tsohon gari, motar ta yi tari biyu ta mutu. Maigidan ya murɗa makulli, shiru. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu wanda ya yi mamaki. Tica ya dawo da baya ba tare da an kira shi ba, maigidan ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya zaro igiyata. Igiyata, da ƙullinta na tsaka! Kafin in rufe baki sun ɗaure motocin biyu, hannunsu har ya saba.

Na ce ashe kai ne ɓarawon. Bai ji kunya ba, ya shigo ya zauna yana mini bayani a hankali, wai ba nisa, Tica zai ja mu zuwa kwanar layinmu, can sai su kwance igiyar, motar ta gangara da kanta har ƙofar gidan Baba, ba wanda zai san ta mutu. Dabarar da ya ƙulla ke nan, har murmushi yake yi.

Na ce zan sauka. Ya ce rana ta take, mutane na kallo, ina zan je da wannan jiki. Na ce igiyar nan guga cike da ruwa ma da addu'a take ɗaga shi. Ya ce sun sha yi da dilolin shadda ba abin da ya faru, ni dai zargi ne ya yi mini yawa. Na waiwaya na dubi gungumen da ke daidai wuyana. A lokacin ne na ji motsi a cikina, ɗan ƙaramin shuri a ƙarƙashin haƙarƙari. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kunyar kuma ta fita daga kaina.

"Ba ni ɗai ba ce bisa kujerar ga," na ce da ƙarfi, har Tica ya ji. "In kai ka yarda da igiyar guga, ni ban ba ta ɗana."

Tunda muke maigidan bai taɓa jin na ambaci abin da ke cikina ba, balle a bakin titi. Tica ya sunkuyar da kai, sannan ya zagayo ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya ce wa maigidan ya bar Madam ta sauka. Na sauka na tsaya a inuwar wani dogon yaro. Na ce su sauke itacen su ma, su nemo janwe ko bakanike. Maigidan ya ce in hau Keke in same su can, fuska a murtuke.

Ina tsaye suka tafi. Da farko lafiya. Sai gangarar ta ɗauki motarmu, ta fara bin ta Tica da gudu, igiyar ta saki tana jan ƙasa. Daga baya ne na ji cewa in inji a mace yake, birki tauri yake yi kamar dutse, ga kuma nauyin da ke tura ta. Tica ya hango ta a madubi tana zuwa, ya taka mai don ya tsere mata, igiyar ta miƙe lokaci ɗaya ta tsinke, tas, kamar bulala. Wani ɗan kabu-kabu ya gitta a kan babur. Maigidan ya kauce masa, motar ta tafi ta daki bakin kwalbati ta tsaya cak. Itacen bai tsaya ba. Na ji rugugi, na ji fashewar gilashi, duron ya wuntsulo daga rufi yana ta gangarawa.

Ban iya gudu ba. Na tafi ina salati, hannu biyu a kan cikina, a gaban kowa. Kafin in isa mutane sun jawo shi waje, yana tsaye da ƙafarsa, jini na zuba daga kunnensa zuwa wuyan riga. Ba ya jin masu yi masa sannu. Kujerata yake kallo. Gungumen sun ture ta sun ninke ta har gaba, ɗaya ya bi ta kanta ya fasa gilashi ya leƙo waje. Filon nan ya fashe, audugarsa ta watsu ko'ina. Na shirya maganganu da yawa tun ranar da igiyata ta fara ɓata, amma da na ga yadda yake kallon kujerar nan ban faɗi ko ɗaya ba. Tica ne ya tsayar mini da Keke.

Bayan la'asar ina kwance a ɗakin Inna, ta sa ni gaba da tofi, sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta tagar soro. Maigidana ne tafe a tsakiyar layinmu, kunne a naɗe da bandeji, babbar riga a saɓe, yana tura amalanke cike da itace da hannunsa. Tica na gefe yana tare masa. Dattawan da ke kan tabarma duk sun bi shi da ido, bai kauce ba, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya sauke, ya koma ya sake ɗaukowa, har sai da ya kwashe kayan duka.

Suruki ba ya wuce soro, nan ya durƙusa Inna ta fito suka gaisa. Ina bayan labule ina ji. Sannan ya yi abin da ɗan mutunci ba ya yi a gaban uwar matarsa.

"Inna," ya ce, "su biyun lahiya?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ni kuwa na dafa cikina, na jira har sai da ɗan ya motsa, sannan na ce ta gaya masa lafiya lau.